Wake, sabulu da feshi: yadda za ka rage guba a gidanka tun daga tushe

Da kakar bara na je gaida gwaggona a wajen Ƙofar Marusa. Tun daga zaure warin ya tarbe ni, irin warin nan mai kama maƙoshi da duk ɗan Katsina ya sani. Buhu uku na wake ne jingine a bayan ƙofar ɗakin da jikokinta ke kwana, kwalbar fiya-fiya kuma tana kan taga kusa da man shafawa. Na ce, "Gwaggo, a nan yaran nan ke kwana?" Ta ce, "Ɗan kaɗan fa na yayyafa, ɗan nan. In ban sa ba, kafin azumi gari zan tarar a buhun. To mi kake so in yi?"

Gaskiyarta. Ƙwaron wake ba ya jin roƙo, kuma wanda ya ce mata ta daina sa magani bai nuna mata abin da za ta yi a madadinsa ba, surutu kawai ya yi. Ni malamin kemistiri ne a makarantar sakandare, kuma amsar da na ba ta daga cikin abin da nake koyarwa ta fito.

A shekarar 1998 wasu masana biyu 'yan Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka tsara ƙa'idoji 12 na abin da ake kira koren kemistiri, wato haɗa sinadarai ta hanyar da ba za ta bar guba a baya ba. Ƙa'idar farko ita ce uwar sauran: kada ka bari dattin ya samu, balle ka zo kana neman yadda za ka kwashe shi. Tun ran gini, ran zane. Misalin da aka fi bayarwa shi ne maganin ciwon jiki ibuprofen. A da sai an bi matakai shida kafin a haɗa shi, kuma kashi 40 cikin 100 kacal na kayan da aka zuba ke shiga cikin maganin, sauran shara ne. A farkon shekarun 1990 aka fito da hanya mai matakai uku wadda ta kai kashi 77. Magani ɗaya, aiki ɗaya, amma abin zubarwa ya ragu ƙwarai.

Mu a nan ba masana'antar magani gare mu a tsakar gida ba. Amma muna ajiye hatsi, muna haɗa sabulu, muna feshi a lambu, kuma kowanne a cikinsu kemistiri ne. Na taƙaita wa ɗalibaina ƙa'idojin nan zuwa tambayoyi huɗu da za a yi kafin a buɗe kowace kwalba: dole ne sai da ita? Akwai abin da zai yi aikin da ƙarancin illa? Nawa ne daidai gwargwado? Ragowar ina za ta?

Fara da zagaya gida

Ɗauki kwali, ka bi ɗaki-ɗaki, kicin, makewayi, ƙarƙashin gado, ka tattaro duk wani maganin ƙwari, maganin ɓera, ruwan wanke masai, kostik soda da tsofaffin batura. Za ka sha mamakin yawansu. Dubi ƙasan takardar kowane maganin gona, akwai zane mai launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Sinadarin da ke cikin yawancin fiya-fiya, wato dichlorvos, yana cikin rukunin masu haɗari ƙwarai a jerin Hukumar Lafiya ta Duniya. Shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwa. Wanda kuma ake ɗurawa a kwalbar allura ko robar lemo ana yawo da shi a tasha, ba takarda ba suna, wannan ko mai sayarwar bai san ƙarfin abin da ya riƙe ba.

In akwai jariri a gidan, saka kwalli a cikin kwalin. Kwallin dutse mai ƙyalli sau da yawa dalma ce a cikinsa, kuma mu da ke maƙwabtaka da Zamfara ba ma buƙatar a gaya mana abin da dalma ke yi: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake daka a cikin gidaje. Jikin yaro ba shi da wani awo na dalma da za a ce wannan ba komai.

Abin da ka tara, ka kulle shi a akwatin ƙarfe sama da inda hannun yaro zai kai. Yanzu aikinmu shi ne mu sa kada ka sake buƙatar sayen yawancinsu.

Wake: kashe ƙwaro da rashin iska

A nan zan daɗe, domin nan ne gubar ta fi shiga cikin tukunya. Ba mu kaɗai muka lura ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya ƙasashenta saboda ragowar dichlorvos da aka yi ta samu a cikinsa fiye da ƙima. Waken da suka ƙi karɓa, irinsa muke yin ƙosai da alala da shi.

Ka fara sanin abokin gabar. Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai a jikin kwanson, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar ta yi ta ci daga ciki. A lokacin zafi, cikin mako uku zuwa huɗu ta zama babban ƙwaro, ta fito ta bar rami, ta sake saka nata ƙwan. Wato buhun da ka sayo a Mai'aduwa ko Charanci kana ganinsa fes, da ƙwaronsa ya zo. Amma shi ma mai rai ne, yana numfashi. In ka rufe shi inda iska ba ta shiga, shi da kansa zai shanye iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa. Wani abin sha'awa da masu bincike suka gano shi ne, yawancin ruwan jikinsa daga narkar da abinci yake samunsa, narkarwar kuma sai da iska, don haka ƙishirwa ce ke ƙarasa shi.

A kan wannan aka gina buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara aikinsa tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka kuma yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ga yadda ake yi, kuma kowane mataki da dalilinsa.

Shanya waken ya bushe ƙarau. Ciji ƙwaya ɗaya: in ta fashe da ƙara, ya yi, in haƙori ya nutse, mayar da shi rana. Wake mai danshi in ka rufe shi a leda, ruɓewa zai yi, ka ga an gudu ba a tsira ba. Sai a sheƙe shi a tsince tsakuwa da karmami, musamman duk wani tsinke da zai iya huda leda.

In ka ga ƙwaro ya riga ya yi yawa, gasa shi da rana tukuna. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, ɗora baƙar leda a kai, baza waken kada ya yi tudu, rufe da farar leda mai nuna ciki, ka naɗe bakunan biyu tare ka danne da duwatsu. Awa biyu a tsakar rana sun isa. Zafi in ya kai digiri 57 ya yi awa guda, ƙwai da tsutsa da babba duk sun mutu, ranar Katsina kuwa ba ta rowa. Bar shi ya huce sarai kafin ka zuba a buhu.

Gwada ledojin ɗaya bayan ɗaya. Kaɗa ta ta cika da iska, riƙe bakin, ka matsa da hannu. In tana sacewa akwai huji, kuma huji ko na allura ne ya ɓata aikin. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, daga baya su ce buhun ƙarya ne.

Zuba wake kaɗan a leda ta farko don ta zauna, saka ta cikin ta biyu, su biyun cikin buhun saƙa, sannan ka ci gaba da zubawa kana girgizawa don ya zauna daram. Kada ka cika fal, bar wajen ɗauri kamar taƙi ɗaya da rabi. Matse iskar da ke sama, murɗe bakin ledar ciki, lanƙwasa shi, ɗaure da igiya ko robar tayar keke. Sai ta biyu ita ma daban, sai buhun waje daban. Ɗauri uku ke nan. In ka haɗa su ka ɗaure gaba ɗaya, ka mayar da leda biyu ta zama ɗaya.

Ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, inda rana ba ta dukansa. Ɓera shi ne babban maƙiyin wannan buhu, don haka share wurin, kada a bar tsaba a ƙasa. Sannan abu mafi wuya ga mutanenmu: kada a buɗe. Duk leƙawa ɗaya, ka ba ƙwaro sabon numfashi. Ni shawarata a bar shi aƙalla wata biyu, a ware na cin yau da gobe daban.

Wanda wakensa bai kai buhu ba, jarkar man girki mai lita 25 ta wadatar. A wanke ta, ta bushe sarai, a cika ta har wuya ana bubbugawa, a sa 'yar leda a baki kafin a murɗa murfin. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shiga wannan aiki ko an wanke ta sau goma. Dabarar kakanninmu ma tana nan da ranta: tiya ɗaya ta wake, tiya ɗaya ta tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, a cakuɗa a tulu, a rufe saman da wata tokar. Tokar na toshe sararin da ƙwaro zai yi motsi. Wahalarta wankewa kafin girki, kuma ba ta yi wa mai buhu hamsin.

Ita kuwa ƙwayar nan da ake naɗewa a tsumma a cusa cikin buhu, wadda ake kira bom, da ta ji danshin iska take sakin hayaƙin fosfin. Hayaƙin na ratsa buhu ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, kuma ba shi da makari a asibiti. Kayan aikin manyan rumbuna ne da ma'aikatan da aka horar. Ba ta da wurin zama a gidan da ake kwana.

Sabulu: sikeli kafin komai

Mata da yawa a garin nan sun koyi haɗa sabulu a tarukan koyon sana'a, abin a yaba. Abin da ke damuna shi ne awon da ake koya musu: gwangwanin madara kaza, murfin jarka kaza. Wata tsohuwar ɗalibata ta kawo mini sabulunta tana cewa, "Malam, masu saye sun ce yana cin hannu." Na sa ta ta auna gwangwanin sodarta a sikeli sau uku, kowane awo daban ya fito. Sodar da ta yi yawa ba ta samun man da za ta ci, sai ta zauna a cikin sabulu tana jiran fatar mutum.

Haɗa sabulun dutse in an yi shi daidai yana cikin mafi tsabtar ayyukan kemistiri. Mai da soda na haɗuwa su zama sabulu da gilisarin, gilisarin ɗin kuma yana zama a ciki yana tausasa fata. Babu abin zubarwa. Sharaɗin kawai a yi awo, kuma kowane mai da adadin sodar da yake ci. Ga haɗin kilo ɗaya: man alayyadi giram 500, man gyaɗa giram 300, man kaɗe giram 200. Wannan zai ci kostik soda wajen giram 155, amma ki rage kashi 5 cikin 100 don a bar ɗan mai ya yi rara, ya zama giram 147. Ruwa giram 300. Sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir, shi ne jarinki na farko. In kika canza mai, lissafin ma ya canza.

Sa safar hannu ta roba da tabarau, ki kori yara, ki yi a fili. Zuba ruwan a robar mai kauri, sannan ki riƙa barbaɗa sodar a cikin ruwan kina juyawa. Soda ake zubawa a ruwa. In aka zuba ruwa a kan soda yana iya tafasa ya fantsamo a fuska. Kada ki yi a tukunya ko kwanon alminiyam, domin soda na cin su tana fitar da iska mai kama wuta. Ruwan zai yi zafi da kansa, ki bar shi ya huce zuwa ɗumi. Narka man kaɗe da na alayyadi, haɗa da man gyaɗa, su ma su zama ɗumi. Tsiyaya ruwan sodar a cikin man a hankali, ki yi ta juyawa har ya yi kauri kamar kunu, yadda in kika ɗiga a sama zai bar sawu. Juye a mazubi, rufe, bayan kwana ɗaya ko biyu ki yanka, ki jera a inuwa mai iska mako huɗu zuwa shida. Kayan aikin kada ki wanke a ranar. Ajiye su inda yaro ba zai taɓa ba kwana biyu, abin da ya manne ya zama sabulu, ki wanke da shi. Kin ga ba ɗanyar soda da ta bi kwata.

Man suyar ƙosai da awara da ya yi baƙi, wanda bai kamata a ƙara ci ba, a tace shi da tsumma a yi sabulun wanki: giram 135 na soda ga kilo ɗaya. Ba zai yi tauri kamar na alayyadi ba, kuma na wanki ne kawai.

Ruwan soda kamarsa ɗaya da ruwan sha, kuma yaron da ya kurɓa yana iya samun ƙunar maƙogwaro da za ta hana shi haɗiya har girmansa. Kada a jiƙa a bar shi ya kwana a robar ruwa, kamar yadda ake koyarwa a wasu wurare. In ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa minti 20, na ido a wuce asibiti.

Masu sabulun ruwa kuma, ku cire fomalin daga jerin kayanku. Shi ne ruwan da muke ajiye matattun kwaɗi a ɗakin gwaji, kuma tun 2004 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Ana sa shi ne don kada sabulu ya yi wari in ya daɗe. To, kada a bar shi ya daɗe: a yi da tafasasshen ruwa, a ɗura a robobi masu tsabta, a haɗa iya wanda za a sayar cikin mako biyu.

Bedi a lambu

Ga masu noman rani a Ajiwa da Jibiya da sauran fadamu, 'ya'yan bedin da ke zuba a bakin titi ana takawa maganin ƙwari ne. Tsinci nunannu, wanke, shanya a inuwa, fasa ka ciro ƙwayar. Daka rabin kilo, ƙulle a tsumma, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe a matse, a tace sosai don kada ya toshe bakin injin feshi, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Yi feshin da yamma, sama da ƙasan ganye, domin rana na lalata sinadarin cikin 'yan kwanaki. Wannan raunin nasa shi ne kuma alherinsa, ba ya zama a jikin kabeji ya biyo ka gida.

Kada ka sa ran ganin ƙwari na zubowa nan take. Bedi hana su ci yake yi, ya hana tsutsa girma, don haka a fara da wuri a maimaita duk mako. Ba kuma zan ruɗe ka ba: in annoba ta sauka irin tsutsar tumatir ta 2016, bedi shi kaɗai ba zai tare ta ba. In dole ta sa ka sayi na kanti, nemi mai zanen shuɗi ko kore, auna yadda takarda ta ce, ka kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku ana juye ruwan cikin injin feshin, sannan a huda gindinta don kada wani ya tsinta ya zuba man gyaɗa.

Ƙananan abubuwa biyu, da ranar tsautsayi

Kada a haɗa ruwan bilic irin su Hypo da ruwan wanke masai mai asid wai don ya fi ƙarfi. Iskar kilorin ke tashi, kuma a makewayi mai ƙaramar taga tana iya kayar da mutum. Ɗaya ya isa. Mangwaro da ayaba kuma ba sa buƙatar kabayid ɗin masu walda: saka nunanne ɗaya ko biyu cikin kwalin ɗanyu ka rufe, iskar da nunannen ke fitarwa za ta nunar da sauran cikin 'yan kwanaki.

In wani ya sha fiya-fiya ko ya jiƙe da ita, alamun su ne dalalar miyau, zufa, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. Cire masa kayan, wanke jikin da ruwa da sabulu, kwantar da shi a gefe. Kada a ba shi madara ko manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A garzaya asibiti mafi kusa da kwalbar a hannu cikin leda, domin akwai allurar atropine da ke karya wannan guba in an kai da wuri.

Waken gwaggo da aka riga aka yayyafa wa magani mun fitar da shi daga ɗakin yaran a ranar. Sabon buhu biyu da ta saya daga baya ni na ɗaure mata su, tana tsaye a kaina tana cewa wannan ɗaure-ɗaure sai ka ce kayan amarya. Bayan wata biyar ta buɗe ɗaya lafiya lau. Ɗayan ɓera ya huda shi ta gindi, don a ƙasa muka ajiye shi, katakon da na ce zan kawo ban kawo ba. Kusan tiya huɗu ta lalace, kuma har yau in na je gaisuwa sai ta tambaye ni ina katakonta.